Abin da Na Faɗa wa Keken Surukata

Masu bibiyar wannan shafi, barkanku da war haka. Ga wanda ya shigo yau, sunana Kangwa, gyaran keke nake yi a Chililabombwe, a bakin titin da ya miƙe zuwa iyakarmu da Kwango a Kasumbalesa. A aji bakwai na tsaya da makaranta, don haka idan kun ga rubutuna yana tafiya a hankali ku yi haƙuri, ni ma haka nake tafiya. Labarina da Chibesa nake ba ku, wadda zan aura idan Allah ya kai mu rani. Amma na yau ya fi shafar ƙanwarta da mahaifiyarsu, sai kuma wata jar kaza.

Tun ranar da gidansu suka karɓi kwanukan neman aure da na aika, ni da Maman Chibesa muka daina magana. Ba faɗa muka yi ba, haka ake yi. A da ina sayen busasshen kifi a teburinta na kasuwa, tana tsokanata wai siriri ne ni kamar famfon keke. Yanzu kuwa idan na hango ta a hanya sai in ratse cikin ciyawa, in cire hula in durƙusa, ita kuma ta gyara zanenta ta kalli wani gefen har ta wuce. Duk maganar da za ta shiga tsakaninmu sai ta bi ta bakin Baban Lombe, dattijon da na roƙa ya zame mini shibukombe, mai kai magana tsakanin gidajen biyu.

Ƙanwar Chibesa, Nsofwa, shekarunta goma sha shida. Shekara uku ta yi a Lubumbashi, can ƙasar Kwango, wurin ƙanwar mahaifiyarsu, tana karatu a makarantar sistoci inda ba a jin komai sai Faransanci. Bara ta dawo, ta zauna jarrabawar aji tara ta ci, bana za ta shiga aji goma. Ita kaɗai ce a gidan nake da damar yin wasa da ita son raina. Mulamu take kirana, kamar yadda kowace yarinya ke kiran mijin yayarta, kuma ba ta taɓa zuwa rumfata ta tafi ba ta ce mini wani abu a kan kunnuwana ba.

Wata rana ta kawo mini abinci daga Chibesa, tuwon masara da miyar naman kaza, irin wanda ke tsirowa a ƙasa, don damina ce, ya cika kasuwa. Ta tarar ina fama da wani mutumin Kwango, irin masu lafta wa keke buhunan gari su tura shi su ƙetare iyaka. Tayarsa ta baya ta lanƙwashe, yana ta bayani, ni ina ta nuni da hannu, 'yar Suwahilin da muke lallaɓawa da ita ta ƙare mana. Nsofwa ta ajiye kwano ta buɗe baki. Ni dai ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga mutumin ya cire hularsa ya dafe ƙirji. Da zai tafi ya sa ta fassara mini cewa yarinyar nan tana magana kamar masu karanta labarai a rediyo, kuma babu malamin da zai ƙara mata komai a ƙasar nan.

Daɗi ya kama ni kamar ni aka yaba. Nan take na ɗauki waya na rubuta wa Chibesa duk abin da ya ce. Ta aiko mini da hoton zuciya guda uku, ta ce ta karanta wa Mama, Mama har da rawa a tsakar gida.

Ashe rawar nan ce za ta jawo mana aiki.

Bayan kwanaki sai ga Nsofwa a rumfata babu kwano, babu dariya. Ta zauna a kan tsohuwar taya, ta haɗa gwiwa, tana murza bakin siket ɗinta. Na ce yau kunnuwana sun huta ke nan. Ba ta ɗago ba.

"Mulamu, ka kashe ni da yabo," ta ce.

Na ajiye sifana na matso. A hankali ta yi mini bayani. A makarantarsu, duk wanda zai shiga aji goma sai an raba shi: akwai ajin da ake koyar da Faransanci, akwai na kasuwanci da lissafin kuɗi. Inda aka sa ka, nan za ka zauna har jarrabawar aji goma sha biyu. Ranar Litinin iyaye za su je su faɗi wanda suke so, kuma ajin Faransanci ɗaya ne tak, idan ya cika ya cika. Ita burinta ta je jami'a a Lusaka ta karanta harsuna. Malamin Faransancin ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, cewa masu ɗaukar ɗalibai ba za su kira ta su ji bakinta ba, sakamakon jarrabawa za su duba, idan ba su ga Faransanci a ciki ba, to zamanta na Lubumbashi bai taimake ta da komai ba. Ya kuma sa ta rubuta shafi ɗaya, ya maido mata da shi jajir da jan biro, don bakinta ya fi hannunta gudu.

Na ce to ai shi ke nan, sai Mama ta je ta ce Faransanci.

"Mama ta ce kasuwanci. Ta ce abin da nake da shi a baki me zan je nema a aji. Na yi magana, Yaya ta yi magana, Mama ta ce ai mijin Chibesa da kansa ya aiko cewa ɗan ƙasar ma ya ce na gama. Ta ce kai ba ka ƙarya."

Kun ji inda na shiga. Matar da ba na iya yi wa magana ta ɗauki maganata ta fi ta kowa nauyi, kuma da ita take shirin rufe wa 'yarta hanya.

Na yi abin da ya kamata. Na rufe rumfa na tafi wurin Baban Lombe, na durƙusa na tafa hannu, na zayyana masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce wannan ƙaramin aiki ne, shi da ya sasanta gidajen da suka fi wannan tauri. Washegari ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, wadda yake zuwa coci da jana'iza da ita, ya tafi.

Da ya dawo yana sakace. An dafa masa kifi da wake. Ya zauna a bencina ya miƙe ƙafa, ya ce mini surukata mace ce mai hankali, kuma shi ma da ya auna ya ga gaskiyarta. Ya ce shi kansa bai taɓa shiga aji don ya koyi yarenmu na Bemba ba, ga shi yana yinta har ana kiransa sulhu.

"Baba, amma ka faɗa mata saƙona?"

"Na fara, ɗana. Sai aka kawo abinci."

Dattijo ne, ba a musu da shi. Na yi masa godiya, na duba masa birki kyauta, ya hau kekensa ya tafi.

Da yamma muka yi ta rubutu da Chibesa. Na ce mata ina ganin zan je in durƙusa gaban Mama in faɗa mata da bakina. Ta aiko da sauri: "Kada ka soma." Ta tuna mini da 'yar kawunsu, wadda saurayinta ya shiga ɗakin girki ya gaida surukarsa ido cikin ido, kawunnai suka ce ba shi da tarbiyya, aka mayar masa da kwanukansa. Ta ce ita ba ta shirya ganin kwanukana sun dawo ba. Na ce ni ma haka, amma yaya za mu yi da Nsofwa. Ina ganin alamar tana rubutu tana gogewa. Can sai ga saƙo:

"Keken Mama ba iska a tayar baya."

Na ce ai makon jiya na sa masa sabon tub.

"Na sani. Ni na sace iskar. Gobe Asabar tana gida, za ta daka ganyen rogo a ƙofar ɗakin girki. Ni dai ban ce ka yi wa kowa magana ba. Gyaran keke na ce."

Na daɗe ina kallon wayar. Mutane suna tambayata a nan me na gani a wurin Chibesa, tunda ba ta cika yawan magana ba. To ga shi.

Asabar da rana, ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa tana tururi, na sa farar rigata mai dogon hannu da Chibesa ta saya mini, duk da na san baƙin mai zai ɓata ta. Na ɗauki jakar kayan aiki. A bakin shingen gidan na durƙusa na tafa hannu sau uku. Babu wanda ya amsa sai Nsofwa, wadda ta turo keken ta jingina shi a gindin mangwaro, ta ce a hankali, "Yau ga angon gyaran keke," sannan ta koma ta tsaya a bayan ƙofa. Chibesa tana wanki a gefe, ta ɗaura zane mai zanen tsuntsaye shuɗi da rawaya, ba ta ko kalle ni ba.

Maman Chibesa tana zaune a kan 'yar kujera, ta ba ni baya, ɗankwalinta kore, turmi tsakanin ƙafafunta. Jar kazarta tana zagaye ta tana tsintar abin da ya faɗo. Ban kalli wajen ba sai da wutsiyar ido.

Na kifa keken, ƙafafunsa sama. Na cire tayar, na zaro tub ɗin da na san lafiyarsa ƙalau, na tsoma a ruwan bokiti ina juyawa kamar mai neman huji. Sautin taɓarya kawai ake ji. Na yi gyaran murya, na dafa sirdin keken.

"Kai keke," na ce, "zan gaya maka wata magana, tunda ni da kai mun saba."

Taɓarya ta ci gaba, amma ta rage ƙarfi.

Na gaya wa keken cewa kwanakin baya na aika wani yabo gidan nan, kuma yabon gaskiya ne, amma wanda ya yi shi mai sayar da gari ne, ba malami ba. Mutum ne da ya gaji, yana ƙasar da ba tasa ba, ya ji harshen da ya saba a bakin yarinya, daɗi ya sa ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa. Ni kuma da ban san komai a kai ba na ɗauka na aiko.

Sannan na ba shi labarin da ko Chibesa ban taɓa ba shi duka ba. Shekarun baya wani kamfanin haƙar tagulla ya nemi makanikai. Muka je ni da abokina Chisala, wanda tare muka koyi aiki a rumfa ɗaya, har ni nake riƙe masa sifana idan abu ya cije. Shi ya je makarantar koyon sana'a daga baya, ni ban je ba, don na ce me za su koya mini da ban iya ba. A bakin ƙofa aka ce masu takarda su shiga.

"Ban ji haushinsa ba, keke, ya cancanta. Amma na tsaya a wajen nan har rana ta yi tsaka, hannuwana sun san aikin, babu wanda ya tambayi hannuwana. Ba na so wata yarinya ta tsaya a ƙofar jami'a da harshe cike da bakinta, a ce ba a gan shi a rubuce ba."

Taɓarya ta tsaya. Na ji Chibesa ma ta daina cuɗa wanki. Ni kuwa ina ganin kwanukana a hanya suna dawowa.

Sai na ji muryar Maman Chibesa, karo na farko kusa da ni haka tun ranar neman aure.

"Ke kaza. Tambayar mini keken can, idan yarinya ta karanta Faransanci, shi za ta ci?"

Na ce wa keken ya gaya wa kaza ni ban san gobe ba. Abin da na sani, kullum manyan motoci suna layi a iyaka, direba na magana, ma'aikaci na magana, ba mai jin wani, ana neman wanda zai tsaya a tsakiya. Asibiti ma haka. Lissafin kuɗi kuwa, yarinyar tana da malama a gida wadda ba a taɓa cutarta da kifi ɗaya ba a kasuwa, ranar Asabar kawai ta ishe ta koya.

"Kaza, keken nan yana da zaƙin baki," ta ce. Na ji Nsofwa ta toshe dariya a bayan ƙofa.

Na ɗauka an gama. Amma ta ci gaba da juya ganyen da hannu a cikin turmi. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Gaya masa abin da bai sani ba. Na ba da aron 'yata shekara uku. Da ta dawo, idan tana barci tana magana, in tashi in zauna a gefenta, ban san me take cewa ba. Ko kuka take a mafarkin, ko dariya, ban sani ba. Harshen nan ya ɗauke ta sau ɗaya. Idan na ƙara mata shi, zai kai ta inda ba zan iya biyan mota in je ba."

Jama'a, a nan dabara ta ƙare mini. Na zo da shirin gardamar makaranta, ashe ba ita ba ce. Na riƙe tub a hannu ruwa yana ɗiga a farar rigata. Ban iya yi wa keken alkawarin cewa yarinyar ba za ta tafi ba, don ƙarya ce, ita kuma ta ce ba na ƙarya.

"Keke, ka ce wa kaza wannan gaskiya ne, mai yiwuwa ta yi nisa. Ni ban je ko'ina ba. Mahaifiyata tana ganina kullum safe da yamma. Kuma babu makon da ba ta kallon hannuwana ta ce da ta sani ta matsa mini na ci gaba. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Na dai san wannan."

Sai Nsofwa ta fito daga bayan ƙofa, ta zo ta durƙusa kusa da turmin, ta karɓi taɓarya daga hannun mahaifiyarta ta ci gaba da dakan. Tana daka tana cewa, ƙasa-ƙasa, abin da take faɗa a mafarkin ba wani abu ba ne, sistoci take roƙo su bar ta ta zo gida hutu.

Maman Chibesa ta kalle ta. Ta kaɗa kazar da gefen zane, ta ce mata ta tafi ta ba mutane wuri, ta tashi ta shige ɗaki. Na mayar da tub, na buga iska, na jingina keken. Da zan fita na hangi kan maƙwabciyarsu yana sauka a bayan shinge, kuma duk unguwar an san abin da matar nan ta gani da rana, kafin yamma ya kai kasuwa.

Lahadi ban ji komai ba. A coci na hango ɗankwalinta a layin mata, na sunkuyar da kai. Chibesa ta rubuto cewa Mama ba ta ce uffan ba, ko a kan makaranta ko a kaina.

Litinin da safe ina ɗaure wa wani sarƙa, waya ta yi ƙara, Chibesa ce. "Mama ta ɗaura zanen da take zuwa taron matan coci da shi. Ta hau keke, Nsofwa a baya." Na ce ajin wanne. "Ba ta faɗa ba." Ranar sau biyu ina sa wa mutum taya a juye.

Da la'asar na hango kwat mai ruwan ƙasa tana tahowa, Nsofwa a baya cikin kayan makaranta, farar riga da siket ruwan toka, ɗauke da kwanuka an ƙulle su cikin zane. Kwanuka a ƙulle, da shibukombe a gaba, ai kun san abin da na zata.

Ta sauke su a kan benci, fuskarta a ɗaure. Sai ta kalle ni ta faɗi wata doguwar magana da Faransanci.

Na ce me ke nan.

"Na ce kunnuwanka sun yi amfani yau, Mulamu. Malam ya sa ni a layin gaba. Mama ta ce masa idan ya ga kuskure kada ya ji tausayin jan bironsa."

Na zauna a kan taya. Na gode wa Allah, na gode wa Chibesa a zuciyata, na gode wa matar da ta ji tsoro amma ta hau keke ta je. Ni magana kawai na yi. Ita ce ta ba da 'yarta karo na biyu.

Baban Lombe ya kwance zanen da kansa, yana cewa ai tun farko ya san haka za a yi, shi ya share hanya. Kwano ɗaya tuwo ne, fari, yana tururi. Ya buɗe ɗayan, sai ga kaza guda cur, an dafa ta yadda ake dafa wa suruki, ba a cire ko ƙundu ba. Na kalli Nsofwa. Ta gyaɗa kai.

"Jar ce," ta ce.

Dattijon ya gyara kwat, ya ce yanzu zai isar da saƙo, kuma wannan karon sai ya gama kafin ya ci. Ya ce maƙwabciya ta kai wa kawunnai gulma cewa na yi magana da surukata. Surukata ta amsa musu cewa ita ba ta ji muryar kowa ba, wani keke ne ya yi hira da kazarta, wanda yake da ja ya je ya tambayi kazar.

Muka yi dariya har mai shagon kusa ya leƙo. Na wanke hannu, na miƙa wa Baban Lombe cinya. Ya karɓa, amma bai kai baki ba.

"Akwai saura, ɗana. Ta ce ta ji ana karatun yamma na manya a makarantar su Nsofwa, kuma labarin ƙofar kamfanin nan bai bar ta ta yi barci ba. Ta ce a gaya wa keke ya sake zuwa ranar Asabar. Ta sayi sabuwar kaza."